Ranar da Na Gwada Na'ura a Motar Surukina

Har yau ban manta da wata Asabar ta bayan girbin shinkafa ba, ranar da zan sayi na'urar binciken mota ta farko a garejina da ke hanyar Malam Madori, nan Haɗeja.

Ga wanda bai san aikinmu ba, motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa. Akwai soket a ƙarƙashin sitiyari. Ka jona na'ura, sai ta nuna maka a allo abin da ke damun motar. Malam Nura, mai sayar da su, ya taso daga Kano da guda biyu. Ƙaramar mai araha ce, injin kawai take karantawa. Babbar tana shiga giya da birki da komai, amma duk shekara sai an sabunta manhajarta. Ya ce in samo mota mu gwada.

Ana haka sai ga surukina, Alhaji Bukar mai shinkafa, a motar da ya saya cikin satin. Sale dillali, wanda ya sayar masa, yana gefensa. Duk majalisar unguwa ta ji labarin motar nan: wai ta wata tsohuwa ce a Turai, asibiti kawai take zuwa da ita.

Na durƙusa na ce, "Baba, a ara mana ita."

Ya ce, "Ku gwada, ku ga mota."

Muka jona ƙaramar. Ta ce babu matsala. Alhaji ya gyara hula.

Muka jona babbar. Rubutu ya fara zubowa kamar ba zai tsaya ba. Malam Nura bai san waye Alhaji a wurina ba, sai ya hau karantawa da ƙarfi: giya ta kusa gamawa, an cire ƙwan fitilar gargaɗi, tafiyar da motar ta yi ta ninka abin da mita ke nunawa. Har ya ƙara da cewa, "Tsohuwar nan tasi ta yi da ita."

Sale ya ce bari ya je ya yi alwala. Hantsi ne lokacin.

Na zaci Alhaji zai bi shi. Sai ya juyo kaina. "Habu, ƙaramar za ka saya. Ita ce mai tarbiyya."

'Yarsa ce a gidana, kuma shi ya ba ni filin garejin. Na ce, "To, Baba." Yana fita na ɗauki babbar, na roƙi Malam Nura kada ya faɗa wa kowa.

Kafin watan ya ƙare giya ta tsaya masa a hanyar Birniwa, da buhunan shinkafa a but ɗin motar. Aka jawo motar garejina, na gyara. Da ya zo ɗauka ya ga babbar na'urar a kan benci. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Motata lafiyarta ƙalau har wannan abar ta yi mata baki." Har yau haka yake faɗa a majalisa, kuma da Sale suke zuwa Juma'a.

Ku da kuke shirin saye, ku sayi mai shiga ko'ina, ku tabbatar ana sabunta manhajarta. Amma mai mota ba ya raba motarsa da mutuncinsa. Shi ya sa nake juya allon ya fuskance ni, in karanta a zuci, in kori 'yan kallo, in ba mutum kujera da ruwa, sannan in fara da abin da ke lafiya, ko da hon ne kaɗai.