Ƙasar Bayan Ɗaki

Shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zongo zuwa unguwar Agoè, kawuna ya samo wata ƙaramar tarakta da tirela don kwasar kaya. Taraktar ba ta da giya, mai ne ke tura ƙafafunta idan an taka feda. Direban ya gargaɗe mu tun a ƙofar gida cewa kada kayan su fi ita kanta nauyi, in ba haka ba man zai yi zafi ta tsaya.

Mun loda kwanon rufi da ƙyamare da gadaje. Sai kakata ta sa aka haƙo ƙasar bayan ɗakinta, inda ake binne mabiyiyar duk jaririn da aka haifa a gidan, aka zuba a buhuna. Na yi mita, ba ta ko dube ni ba.

Muna fara hawan tudun Tokoin da rana tsaka, taraktar ta soma wani siririn kuka, sak na jinjiri. Aka sauke kwano, kukan bai daina ba. Aka sauke ƙyamare, haka nan. Sai da buhunan suka taɓa ƙasa ta yi shiru.

Direban ya ce ƙasa mai danshi ta fi yadda ido ke gani nauyi, kuma na yarda da shi.

Kakata ta zauna a bakin titi, ta dafa buhu ɗaya.

"Waɗanda suka rayu ai ga su nan suna tafiya da ƙafarsu," in ji ta. "Sauran ne ba sa son tashi."