Yatsan da Gwamnati Ta Sani

Ban taɓa mantawa da ranar da wata 'yar na'ura, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, ta dube ni da gemuna ta ce babu ni a duniya. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ba ku san labarin ba, don haka ku gyara zama.

A lokacin ina koyar da lissafi a shirin nan na kwalejinmu da ake yi wa malaman firamare waɗanda ba su da takardar shaidar malanta. Tunda suna bakin aiki, ba su ke zuwa wurinmu ba, mu ke bin su. Muna da cibiyoyi a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, duk a azuzuwan aro. Malamin lissafi kuwa, kun sani, ya fi ruwan rani wuyar samu. Duk yaron da ya karanta lissafi ya iya, banki ko kamfanin waya ke ɗauke shi, ba ya ko waiwayen alli. A takarda mu biyu ne ke riƙe da cibiyoyin nan huɗu, ni da wani abokin aikina Malam Sabi'u. A zahiri kuwa ni da babur ɗina ne, domin Malam Sabi'u yana da shagon atamfa a birni, kuma shago ba ya son a bar shi.

Albashin, ba sai na gaya muku ba, yana shigowa da sallama ya fita ba sallama. Shi ya sa nake noma masara da 'yar shinkafa a bayan Kiru. Safiya fartanya, hantsi alli. Allunan cibiyoyin nan kuma ba irin farare masu santsi da kuke rubutu a kai yanzu ba ne. Siminti ne aka shafe a bango aka goga masa baƙin batir, kaushinsa kamar dutsen goge kaushi. Malamin tarihi yana iya zama a kujera ya harɗe ƙafa ya yi ta zuba har a tashi. Malamin lissafi ba shi da wannan gatan. Sai ka rubuta, ka goge, ka sake rubutawa, in ka yi ɗan kuskure ka sa yatsa ka murje. Haka na yi shekara da shekaru ban taɓa tsayawa na dubi tafin hannuna ba.

Sai ga sanarwar tantance ma'aikata, tsakiyar damina. Ga wanda bai sani ba, tantancewa ita ce a tara duk mai karɓar albashi a ga ƙwayar idonsa, a duba takardunsa, a ɗauki zanen yatsunsa a na'ura, don a kakkaɓe ma'aikatan bogi, wato sunayen da ke cin albashi ba mutum a bayansu. Ni har murna na yi. Na ce yau dai za a san masu aiki.

An yi namu a wani ɗakin taro a Tudun Wada. Ina shiga layi sai na ji ƙamshin turare, na ɗaga kai, ashe Malam Sabi'u ne a gabana, cikin shadda sai maiƙo take yi. Rabona da shi tun bikin sunan ɗan shugaban sashenmu. Muka gaisa, ya tambaye ni ɗalibai, na ce suna gaishe shi, ko da yake ba su san kamanninsa ba. Da aka zo kansa ya ɗora babban yatsa, lumus da shi kamar na jariri, kafin ya gama dannawa fitila ta kawo kore. Ya karkaɗe riga ya ce zai yi sauri, ana sauke masa kaya.

Na matsa, na ɗora nawa. Ja. Saurayin da ke kan na'urar ya ce in ƙara dannawa. Ja. Ya ce in goga yatsan a goshi ya ɗan sami maiƙo, na goga. Ya ce in hura masa iska, na hura. Muka koma babban yatsan hagu, muka gwada manuniya ta dama da ta hagu, duk ja. Daga nan ya kama hannuna ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, ai zanen yatsunka ya shafe. Sun koma kamar tsohon kwabo."

Na ce to ya rubuta cewa ya gan ni, tunda ga ni. Ya ce shi ya gan ni, amma ganinsa ba ya shiga kwamfuta. Ƙa'ida yatsu huɗun nan kaɗai aka ba shi izinin ɗauka. Ya ba ni shawara in hutar da hannun, kada in taɓa alli ko fartanya, ko fatar za ta farfaɗo, in same su a Bebeji ranar rufewa bayan sati biyu. In ranar ma ta ƙi, sunana zai bi sahun na bogi, a tsayar da albashi.

Mutanen layi suna ta dariya, ni ma na taya su, amma gaskiya abin ba na dariya ba ne. Saura 'yan shekaru in yi ritaya. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san in sunanka ya faɗo daga takardar albashi, kafin ka mayar da shi takalminka ya ƙare a hanyar birni, fansho kuma sai dai magada.

Da na koma gida na ba maiɗakina Binta labari, ina jiran ta jajanta mini. Ta tashi ta ɗauko man kaɗe ta lafta mini a hannu biyu, ta nemo safar makarantar 'yarmu ta zura mini har wuyan hannu. Sannan ta kafa doka. Ba gona, ta sa an nemo 'yan ƙwadago. Ba tuƙa babur, sai dai in hau motar haya. Ba cin tuwo da hannu, ga cokali. Da na ce abin ya yi yawa, sai ta ce, "Malam, yatsun nan yanzu ba naka ba ne, na gidan nan ne. Ajiya aka ba ka."

Kafin kwana biyu labari ya zaga unguwa. Mutane suka riƙa shigowa dubiya kamar na yi karaya. Wani ya ce lemon tsami, wani ya ce man shanu, wani tsoho ya rantse da bagaruwa. A masallaci in an idar da salla sai ka ji ana, ya jikin yatsa? Ni kuwa in amsa da sauƙi, alhali ban san ko da sauƙin ba.

Wahalar gaske tana cikin aji. Ku gwada koyar da lissafi da baki zalla ku gani. Na tsaya gaban dattawa da matan aure, hannuwana cikin safa, ina cewa su ƙaddara a ransu akwai wata lamba a hagu, su ɗauke ta su kai dama, alamarta ta juya. Suka zuba mini ido kamar ina karanta musu sanarwar rasuwa. Na sa wani ya riƙa rubuta mini a allo, ya rubuta abin da ni kaina ban taɓa gani ba tun da na fara karatu. Na kira Malam Sabi'u a waya na roƙe shi ya riƙe mini ko da Doguwa ce, tunda jarrabawa ta matso. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya kashe.

Haka na daure har Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu a rufe. Ranar ina Doguwa. Fatar ta fara laushi, har in na kara yatsan a rana ina ganin wasu 'yan layuka suna leƙowa, ko kuwa idona ne ke yi mini gizo, oho.

A ajin akwai wani dattijo, Malam Buba, shi kaɗai ne malami a wata makarantar 'ya'yan makiyaya ta wajen Burumburum. Sau biyu yana faɗuwa lissafi, kuma an gaya masa in ya faɗi na uku ba takarda, in ba takarda ba aiki. Mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ranar ina tsakiyar zuba lissafin baki sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Modibbo, ka yi mini aikin gafara. Ni kunnena ba ya jin lissafi, idona ne ke ji. In ba ka rubuta ba, wallahi sai dai in koma bin shanu, yaran nan kuma su koma tare da ni."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata, wato wannan bawan Allah so yake in sayar da abincina in saya masa nasa. Amma na dube shi, ga furfura, ga littafinsa duk ya goge shi har ya huje, sai na ji kunya ta kama ni. Na ce layi ɗaya zan rubuta, shi ma da dabara. Na zare safa ɗaya, na maƙale alli tsakanin yatsun tsakiya yadda ba zai taɓa na gwamnati ba.

To, sabo turken wawa. Layi ɗaya ya jawo na biyu. Wata malama ta ce ba ta gane inda lambar ta ɓace ba, na ce bari ki gani. Ban san lokacin da alli ya koma mazauninsa na asali ba. Ban san lokacin da na tuɓe ɗaya safar ba. Na cika allo, na nemi abin gogewa ban samu ba, na goge da abin da ke hannuna, na sake cikawa. Can sai na ji Malam Buba ya buga tebur ya ce, ashe abin da ake nufi ke nan tun shekara biyu. Ya fito da kansa ya warware na gaba, daidai. Sai da aka kira la'asar na dubi kaina, fari fat har gwiwar hannu, yatsun nan sun koma sumul kamar an yi musu aski.

Ina shiga gida Binta ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ce, "Malam, ina safar?" Na zaro ta daga aljihu, ta yi fari ta ƙanƙance, domin da ita na yini ina goge allo. Na fara ba ta labarin Malam Buba, ta katse ni.

"To madalla. Ran Litinin sai ka tafi da Buban ya dangwala maka."

Litinin na isa Bebeji. Saurayin nan yana ganina ya gane ni, ya ce Baba an hutar da su kuwa? Na ce an yi iya ƙoƙari. Muka gwada huɗun nan, ja, ja, ja, ja. Ya share gumi ya ce shi kam iyakarsa ke nan, sai dai a kira shugabar kwamitin.

Ta zo, wata Hajiya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ni kuwa lokacin idona ya rufe. Na ce, "Hajiya, ga ni, ga takarduna. Ki fita ki shiga kowace firamare daga nan har Doguwa ki tambaya wa ya koya wa malaminsu lissafi. In ni na bogi ne, to wa ya cinye allin?"

Ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma ba ita ke biyan albashi ba, na'ura ce. Sai dai ita tana da izinin da yaron ba shi da shi, na buɗe sauran yatsu ga wanda ya rasa nasa ta haɗari ko ciwo. Ta ce a lissafa ni cikin masu haɗari. Ta danna wasu lambobi, ta ce bismilla.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya na dama, ja. Mai bi masa, ja. Ƙaramin dama, wanda nake jan sa a jikin allo in ina rubutu, ja. Muka koma hagu, ja, ja. Masu dariya suka daina. Saura guda ɗaya, ɗan autan hagu. Na dube shi kamar yau na fara ganinsa. Na yi salati a zuci na ɗora.

Kore. Sai ga hotona ya fito a kwamfuta, da sunana, da matakin albashina. Hajiya ta cire gilashi ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, an same ka."

Ɗaki ya kaure da dariya da barka, ni kuwa na fita na zauna a gindin wata darbejiya ina juya yatsan nan. Wannan ɗan yatsa bai taɓa riƙe alli ba. Bai taɓa goge allo ba. In na kama ƙotar fartanya gefe yake komawa ya miƙe kamar mai duba aiki. Ko tuwo ba ya kaiwa baki. Taran da suka yi wa gwamnati bauta har suka shafe ba ta san su ba, shi da bai tsinana komai ba shi ne ma'aikacinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi dariya har hawaye ya zo, kuma ban tabbata duk na dariyar ba ne.

Da sakamako ya fito Malam Buba ya ci. Ya zo har gida da ƙwaryar man shanu, ya ce a shafa wa hannun Modibbo. Na karɓa na fara shafa wa babban yatsana, Binta ta fizge ƙwaryar ta ce in ba ta autan, shi ke ciyar da mu. Har yau in zan fita gona sai ta naɗe shi da tsumma. Malam Sabi'u kuwa, da ya adana nasa duka goma, shi ne shugaban sashenku na yanzu. In kun ci sa'ar ganinsa ku gaishe mini da shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, aikin nan yana cin mai yin sa a hankali, har ya wayi gari masu biyansa ba su gane shi ba. Wanda zai gane ka shi ne wanda ka tsaya gaban allo dominsa. Ban ce ku yi sakaci da albashinku ba, kuna da iyali, kuma wata tantancewar tana nan tafe. Ku ware yatsa ɗaya ku ajiye wa gwamnati, ku shafa masa mai, kada ku bari ya taɓa komai. Sauran taran na su Malam Buba ne.