Baki da Baƙi

'Yata Hindatu ce ta tono mini wannan magana, ba da saninta ba. Ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun harsuna, muna zaune a tsakar gidanmu a Ƙaraye ina cin tuwo, ita kuma tana ta latsa waya. Wai malaminsu ya ba su kalma ɗaya su bi sawunta cikin harsunan duniya, abin nan da 'yan boko ke ce wa fofuleshan, mu kuma mu ce yawan jama'a.

"Baba, ka ji mutanen Sin," in ji ta, tana dariya. "Su kalmarsu a rubuce abu biyu ne aka haɗa, mutum da baki. Haka ma Japan da Koriya. Wato in an tambayi yawan jama'ar gari, bakuna ake ƙirgawa."

Ita abin dariya ya ba ta. Ni kuwa lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano, don tuwon ya fita raina.

A ruga aka haife ni, a ƙasar Rogo, ta wajen hanyar Zoza. Rafi ne kawai ya raba mu da ƙauyen manoman da muke maƙwabtaka da su. Muna kiwo, muna kuma noma dawa da gyaɗa kamar kowa. Da rani shanunmu ke kwana a gonakinsu suna zuba musu taki, matanmu ke kai musu nono kowace safiya, a masallacinsu mazanmu ke sallar Juma'a. A gindin tsamiyar da ke bayan bukkokinmu aka binne kakana, da mahaifinsa, da 'ya'yan Dada biyu da ƙyanda ta ɗauke.

Dada ita ce kakata, wadda ta haifi babana. Siririya ce, doguwa, mai faɗa kamar me, amma in an idar da magariba aka hura wa shanu wutar korar sauro, sai ta zama wata daban. Ta jawo 'yar kujerarta kusa da wutar, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuwa mu kewaye ta, hayaƙin busasshen kashin shanu yana sa mu hawaye ba mu damu ba. Ni take tsokana fiye da kowa. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, wai ni ne mijinta wanda ba ya kawo cefane.

Da Hausa take yi mana tatsuniya, don 'ya'yan ƙauye ma sukan tsallako rafi su saurara. Hausar Dada kuwa tana da aibi ɗaya da ya fi tatsuniyar kanta daɗi a wurinmu: harshenta bai taɓa iya ƙ ba. Babu shi a Fillancin da ta tashi da shi. Ƙofa a bakinta kofa ce, ƙafa kuwa kafa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga wata can ta taso daga nesa." Mu ce, "A ba ta wuri ta zauna." In ta gama kuma tana so ta ce ƙarya ta ƙare, abin da ke fitowa shi ne, "To, karya ta kare." Nan take wani zai fara haushi, wani ya kama wutsiyar zanenta, ita kuma ta bi mu da kara tana zagi da Fillanci. Kai, mun sha dariya a bakin wutar nan.

Akwai wadda ta fi yawan yi mana, ta wani sarki mai ƙaton rumbu da bawansa mai ƙirga. A ƙasar sarkin akwai mutanen cikin gari, akwai kuma mutanen bayan rafi. Damina ta faɗi, sarki ya ce wa bawansa ya je ya ƙirgo masa hannuwa, don a nome gandunsa. Bawa ya ƙirga na gari, ya naɗe wando ya tsallaka rafi, ya ƙirga na can har da na kuturu. Kaka ta yi, lokacin haraji ya zo, sarki ya ce a ƙirgo masa kawuna. Bawa ya sake tsallakawa, ya ƙirga har jaririn da ba a yi wa suna ba. Ana nan sai fari ya zo, gero ya ƙone a tsaye, yunwa ta shigo. Dole sarki ya buɗe rumbu, ya ce a ƙirgo masa baki nawa zai ciyar. Bawa ya gama da gari, ya iso bakin rafi ya fara naɗe wando, sai waziri ya dafa kafaɗarsa.

A nan Dada ke gyara zama, ta kumbura murya irin ta manya. Abin da waziri ya faɗa shi ne, waɗancan ba baki ba ne, baƙi ne. Amma daga bakin Dada sai mu ji:

"Ina za ka? Ai waɗancan ba baki ba ne, baki ne!"

Shi ke nan, sai mu zube muna riƙe ciki. Wannan wurin muke jira tun farko. Ni ne mai bakin tsiya, kullum sai na ce, "Dada, to wanne ne wanne?"

Ba ta dariya a wannan gaɓar. Sai ta tono gyaɗa daga toka, ta hura, ta ce, "Maigida, ni ina na sani? Ka tambayi mai rumbu."

Ƙarshen tatsuniyar mai sanyaya rai ne. Mutanen bayan rafi suka ɗaure kayansu suka yi gaba. Da damina ta dawo sarki ya aika a ƙirgo hannuwa, bawa ya tsallaka bai tarar da komai ba sai duwatsun murhu. Ciyawa ta cinye gandu, rumbu ya koma gidan ɓeraye, sarki ya tsufa yana aike ana roƙonsu su dawo. Mukan tafi barci da murna, mun ga azzalumi ya ji jiki. A lokacin na ɗauka haka duniya take.

Na girma, na yi makarantar horon malamai, aka ba ni aji a wata firamare a Ƙaraye. Wani rani, babana da ƙannensa sun yi kudu da shanu neman ciyawa, ruga ba kowa sai mata da yara da tsofaffi, aka aiko mini in zo maza. Wani attajiri daga birni ya sayi duk filin bayan rafi zai yi noman rani, kuma an kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Ba na shakkar cewa da gangan aka zaɓi lokacin da mazan ba sa nan.

Dada ta ce da ƙafarta za ta je. Na ce ta bari in yi magana a madadinta, ta harare ni ta ce tun kafin a haifi ubana take gaisawa da mutanen garin nan. Ta yafa farin mayafinta, muka tsallaka.

Wakilin attajirin mutum ne mai fara'a, mai tsabtatacciyar Hausa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Alhaji ba ya son haƙƙin kowa a kansa. Duk wani baki da ke ci daga wannan ƙasa, za a yanka masa wani wuri a madadi." Aka shiga ambaton masu gonaki a bayan rafi, gida gida, duk 'yan cikin ƙauye. Aka kai ƙarshe, ana shirin shafa fatiha, ba wanda ya ambaci ruga.

Dada ta miƙe. Ta durƙusa ta gai da mai unguwa, ta tambayi iyalinsa, ta gai da liman, ta yi wa wakili barka da zuwa. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce baki. To, ai mu ma baki ne. A nan muke ci, a nan muke sha, a nan aka binne cibiyata."

Ƙanen mai unguwa ne ya cafe. Mutumin da ya sha furar Dada ba adadi, wanda ita ta ɗaura masa karaya yana yaro. Ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi! Jama'a ku shaida, ba mu muka faɗa ba. Da kanta ta ce su baƙi ne!"

Wurin ya kece da dariya. Irin dariyarmu ce ta bakin wuta, sak, kuma cikin masu yin ta akwai waɗanda muka yi ta tare muna yara. Na tashi na ce babu wanda bai san abin da take nufi ba a nan, baki ta ce, bakin cin abinci, kalmar da wakili ya yi amfani da ita yanzun nan. Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "Malam, zauna. Yau kuma Bafulatani ne zai koya mana Hausa?" Aka sake fashewa. Wakili ya duba agogonsa ya ce shi ba zai shiga tsakanin mutanen gari da baƙinsu ba. Aka shafa fatiha.

Ni ba yaro ba ne, na san ba harafi ɗaya ne ya raba mu da rugarmu ba. An gama yanke magana tun kafin a shimfiɗa tabarmi. Amma wallahi da sanda suka ɗauko suka kore mu da ya fi mini sauƙi. Sun ci amanar tsohuwa, suka mayar da abin wasa, kowa ya koma gida ba nauyin komai a zuciyarsa, don ai raha aka yi. Wannan ne har gobe ban yafe ba.

A hanyar dawowa ni da Dada muka shiga rafi. Ta tsaya cikin ruwa ta ce, "Maigida, ba daidai na faɗa ba?" Na ce daidai kika faɗa, Dada. Ta gyaɗa kai muka wuce.

Kafin damina an tumɓuke tsamiya, an baje kaburburan. Babana bai dawo da shanu ba, don babu inda zai ɗaure su, can kudu ya zauna har ya rasu. Wasu ƙannensa suka raɓa da dangi a Yammedi. Na jira in ga ƙarshen tatsuniyar Dada ya cika, in ga ciyawa ta cinye gandu an aiko ana ba mu haƙuri. Ina! Sarkin Dada yana buƙatar hannuwa, namu kuwa tarakta ya sayo. Ba wanda ya yi kewarmu, gona kuma kore shar take duk shekara.

Dada ta dawo wurina a Ƙaraye, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ba wuta sai ta risho. Hindatu tana ƙarama takan hau cinyarta ta nemi tatsuniya, takan yi mata, amma ta sarki mai rumbu ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba. Wata safiya na same ta a bayan ɗaki ita kaɗai, tana ta kakari kamar ƙaya ta maƙale mata. Na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Zo ka koya mini abin nan na makogwaro." Na zauna na nuna mata yadda ake matse maƙogwaro a saki. Ta gwada, ta sake gwadawa, tsohuwar da ta haifi maza ta binne wasu, tana koyon magana kamar jaririya. Duk abin da ya fito baki ne. Ta yi tsaki ta ce a bar shi, ai an riga an ji.

A Ƙaraye ta rasu. A maƙabarta ina cikin jama'a na ji wani dattijo yana tambayar na kusa da shi ko 'yar gidan wa ce. Aka ce masa, "Baƙuwa ce, kakar malamin nan, daga wajen Rogo." Bai yi ƙarya ba, kuma ya furta harafin nan yadda ya kamata. Na sunkuyar da kai.

Hindatu ba ta lura na daina cin abinci ba, ta ci gaba da karanto mini. Larabawa sukkan suke cewa, wato mazauna. Mutanen Indunusiya ma daga kalmar zama suka ciro tasu. Na ce a raina, to mu ma ai mun zauna, har ƙarƙashin ƙasa mun zauna. Ta ce a Urdu abadi ne, wurin da ke raye da mutane, kishiyar kufai. Turkawa kuwa nufus, aron Larabci, ma'anarsa rayuka. Wannan ta yi mini kyau, sai dai ban san ko a can ɗin da gaske rayukan ake gani ba, ko kuwa suna ne kawai. Mu ma jama'a muke cewa, waɗanda aka tara wuri ɗaya, kuma na ga yadda ake tara mu a watsa.

Yanzu na gane Dada ba labarin sarki take ba mu ba. Tana gaya mana ne cewa kowace ƙirga tana da gaɓar jikin da take nema, sauran mutumin kuwa ba ruwanta da shi. A zamaninta hannu ne da kai. A namu an ƙara babban yatsa. Duk lokacin zaɓe sai an zo har ƙofar gidana da sallama da fara'a, kuma na ji labari har ragowar danginmu na Yammedi ana aika wa mota daga ƙauyen nan da ya raba mu da rugarmu, wai su zo gida su dangwala.

"Baba," in ji Hindatu, "to mu a ina ake ƙirga mu? Rogo ko Ƙaraye?"

Na ce ya danganta da abin da ake ƙirgawa. In yatsa ne, duka biyun suna son mu. In kuwa rabo ne, ko'ina muka je baki ne mu.

Ta ɗago kai daga wayar ta dube ni. Ashe ban matse maƙogwaro ba, irin na Dada ya fito.

"Baba, wanne ka ce? Baki ko baƙi?"

Na ture kwanon tuwon gefe, na ce, "Ni ina na sani? Ki tambayi mai rumbu."