Zurfin Gaba Nawa?

Jama'a, yau na zama mai gano ruwa ban sani ba!

Kun san likita ya ce in riƙa tattaki saboda tansiyo. Da safe na maƙala ɗan rediyona a kunne, na bi hanyar Maijirgi. Sojoji za su karanta sanarwa ke nan, sai tasha ta ɓace. Na ratsa wata gona ina ɗaga eriya, ina juyawa gabas da yamma. Can ta kama! Na ce da ƙarfi, "Yauwa, nan ne!"

Ina waiwayawa, sai ga mutum bakwai a bayana. Ashe rijiyar ƙauyensu ta ƙafe, sun daɗe suna jiran ma'aikatan da ke auna inda ruwa yake. Wani tsoho ya kafa sandarsa tsakanin ƙafafuna.

Na ce, "Baba, rediyo ne fa."

Ya ce, "Mun gani, Malam. Zurfin gaba nawa ya ce?"

Na rantse masa labarai nake ji. Ya ce ma'aikata duk haka suke, ya danƙa mini goro biyu.

Yanzu haka sun haƙa gaba ɗaya da rabi. Ku taya ni addu'a su tarar da ruwa, don tsohon nan har ƙofar gida ya rako ni.