Layi Saba'in da Huɗu

A ofishin sayayya na gwamnati Mai Guntu suke kiransa, kuma ba don ƙauna ba. Aikinsa duba takardun shaidar katako. Duk katakon da za a saya, na bencin makaranta ne ko na ƙofar asibiti, sai ya zo da takarda mai hatimi da ke cewa ba daga dajin da aka hana sara aka samo shi ba. Sauran ma'aikata hatimin suke kallo su sa hannu. Shi kuwa, ina! Sai an yanko masa guntu daga gindin gungumen, ya sa tabarau ya ƙirga layukan da suka zagaye cikinsa, kowane layi shekara guda. Ubansu mai yankan katako ne ya koya musu, shi da ƙanensa Auta. Aljihun teburinsa na ƙasa ba ya rufuwa saboda guntaye, kuma in an tashi cin abinci ba mai cewa ya taso.

Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa kuma aure ya kai ta nesa, mutum ɗaya ke buga masa ƙofa. Kowace Asabar da la'asar Auta zai zo da garin katako a gashin gira, ya zauna a kan wani kututture da shi da kansa ya kawo gidan, su sha shayi, ya tsokane shi da cewa ko aljanna aka ba Yaya sai ya nemi guntu. Wannan Asabar ɗin ita ce ke riƙe masa sauran kwana shida.

Sai gwamnati ta ce a tantance ƙungiyoyi uku masu ba da shaidar, a ga wacce za a ci gaba da yarda da hatiminta. Biyu suka tsallake. Ta ukun, takardarta ta ce katakon daga gandun da aka dasa shekara ashirin da suka wuce ya fito. Mai Guntu ya ƙirga, ya goge tabarau, ya sake. Saba'in da huɗu. Ya juya takardar ya ga sunan injin da ya yanka, na Auta ne, kuma da wannan hatimin kaɗai yake sayar wa gwamnati.

Shugaban sashe ya leƙo ya ce, “Malam, takarda aka ce ka duba, ba a ce ka yi wa itace tambayar kabari ba.”

Mai Guntu ya sa guntun a aljihu, ya yi kwana uku yana yawo da shi, ransa a jagule.

Ran Asabar ya ajiye shi kusa da kofin Auta. Auta ya kalla sau ɗaya ya kau da kai.

“Yaya, sayen gungumen na yi. Da takardarsa.”

“Na sani. Amma kai ma ka iya ƙirga. Tare aka koya mana.”

“Mutum tara ke ci a injin nan. Haba Yaya, sau ɗaya dai ka kalli hatimi kamar kowa.”

Wallahi ya so. Tsoron zaman gidan nan ba kowa ya kama shi. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Ranar Litinin zan miƙa rahoto.”

Auta ya shanye shayinsa tas, ya wanke kofin, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a tashi lafiya.

Aka soke hatimin. Ba wanda ya ce masa sannu, sai ma wani da ya yi tsaki a bayansa a matakala.

Asabar ta zagayo, ya dafa shayi ya fito da kofi biyu. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ya ɗaga kai. Shayin ya huce. Can idonsa ya sauka a kan kututturen Auta, wanda ya shekara shida a tsakar gidan bai taɓa yarda ya ƙirga ba. Ya tsinci bakinsa yana motsi, goma sha ɗaya, goma sha biyu. Da sauri ya ɗauki faranti ya kife a kai, ya koma ya zauna yana kallon ƙofa.