Harshen Mutanen Laka

Ranar Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma sha uku, ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a unguwar Chagoua ta N'Djamena da doguwar sanda a hannu ina gadin nama. Igiyoyi huɗu Iya ta ɗaure daga katanga zuwa katanga, kowacce ta sunkuya da siraran yankan naman da muke shanyawa ya bushe, shirwa uku kuma suna ta shawagi a sama suna jiran in yi gyangyaɗi. Ƙudaje ba a maganarsu. Rana ta take, ƙafata ta yi tsami, ina tsine wa wanda ya fara ƙirƙiro busasshen nama a raina, sai ga Zulai ta faɗo daga ɗakinsu ba takalmi, wayar babanta mai tsagaggen gilashi a hannu, tana cewa, "Hawa, kin ci gasa." Na saki sandar na karɓi wayar. Kafin in gama layin farko shirwa ta sauko ta yi gaba da yanka guda, Iya ta leƙo daga madafa ta zazzaga mini abin da ya dace da ni, ni kuwa ko a jikina.

Zulai 'yar Kano ce. Shekara guda kafin nan babanta, mai sayar da atamfa, ya kama ɗaki biyu a gidanmu ya kwaso iyalinsa. Mu kuwa a nan aka haife mu, a nan aka haifi Iya, Baba ma tun yana saurayi yake riƙe da teburin nama a kasuwa. Hausa muke yi a gida, Larabcin gari a titi, Faransanci a lekol, wato makaranta, kuma babu wanda ya taɓa ce mana a kafa shinge tsakaninsu. Iya in ta buɗe baki duka ukun suke fitowa tare, kamar miyar da aka riga aka kaɗa. Ban san wannan abin dubawa ne ba sai ranar da muka fara carafke da Zulai a ƙofar gida, na ce mata duwatsuna "mafi", wato babu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan kuma wane yare ne?" Tun daga ranar na tsane ta, kuma tun daga ranar nake bin ta kamar jela. In muka je famfo ɗibar ruwa ita ke gyara mini magana, in muna tsinkar zogale ita ke gyara mini, har a langa in na faɗi sai ta gyara yadda na yi ihu.

Ita ta kai ni zauren. Wani dandali ne a intanet inda 'yan mata da matan aure, yawancinsu daga Najeriya, suke taruwa a kan wani dogon littafin almara da marubucinsa ya bari bai ƙarasa ba. A littafin akwai Mutanen Haske da ke zaune a birni bisa dutse da dawakansu masu fukafukai, akwai kuma Mutanen Laka a hayin kogi, masu cin naman mutane, waɗanda tun daga shafin farko ba su taɓa furta kalma ba sai gurnani. Kowace Asabar shugabar zauren, wadda kowa ke kira Anti Magajiya, takan ajiye gasa: a rubuta bikin wane, a rubuta yadda yaƙi kaza zai ƙare da a ce wance ba ta mutu ba. Ba a cin komai sai suna a saman shafi na mako guda, amma a kan wannan sunan mata masu 'ya'ya sukan yi gaba ta wata uku. Zulai ta buɗe mini suna a wayar babanta. Na zaɓi 'Yar Shari, saboda kogin da ke bayan unguwarmu, suka ɗauka 'yar sharri na so rubutawa na ci harafi ɗaya. Wata biyar ina rubutu a bayan littafin lissafina lokacin tara a lekol, in dawo in kwafe a waya da babban yatsa, babu mai tanka mini sai masu gyara mini ƙa'idar rubutu.

Gasar wancan makon mai sauƙi ce: uwa da 'yarta, ko'ina a cikin ƙasar littafin. Ni da ban san wata uwa ba sai tawa, sai na ɗauki Iya ɗungurungum na saka. Na rubuta mace tana shanya nama a igiya, tana korar tsuntsaye, tana yi wa 'yarta faɗa, sannan ta ɓoye mata tsoka mafi laushi a ƙarƙashin faifai don kada sauran yara su gani. Na sa mata maganar Iya yadda take: "Ta'ali ya bineye, ɗauke laham ɗin nan hassa, shirwa mafi kunya." Wato zo yarinya, ɗauke naman nan yanzu, shirwa ba ta da kunya. A zuciyata uwar jarumar littafin nake rubutawa, mace daga Mutanen Haske, amma ban faɗa ba, domin ban ga abin da zai sa a tambaya ba. Su kuwa suka ga nama rataye a igiya, suka ga maganar da ba su gane ba, sai suka yanke nasu hukuncin. Abin da Anti Magajiya ta rubuta a saman shafi, wanda na karanta a gindin darbejiya, shi ne: "'Yar Shari ta yi abin da marubucin kansa ya kasa, ta ƙirƙiro wa Mutanen Laka harshe. Ku dubi yadda dodanniya ke shanya naman mutum tana lallashin 'yarta, har yanzu tsigar jikina tashi take."

Sharhi ya yi ta zuba. Wata ta ce ta kasa cin abinci. Wata mai ji da karatunta na islamiyya ta ce ai kamar Larabci ne da aka tauna aka tofar, kuma hakan ya dace da dodanni. Na karanta duka, Zulai tana leƙe ta kafaɗata tana danne dariya, don ita ta san wace ce matar, kullum tana cin tuwonta. Layi ɗaya ya isa ya gyara komai. Ga waya a hannuna, ga Iya taku goma daga inda nake tana kaɗa miyar kuɓewa. Na rubuta, "Na gode Anti." Har yau in na tuna waɗannan kalmomi uku sai in ji kamar in mari yarinyar da ta rubuta su, kuma ba na karɓar mata uzurin ƙuruciya, domin ta san abin da take yi sarai. Sunanta take so ya kwana bakwai a saman shafi.

Daga nan aka naɗa ni malamar harshen Laka. Duk wadda za ta rubuta yaƙi sai ta aiko tambaya, yaya dodo zai ce ruwa, yaya zai ce gobe, yaya zai ce ya isa. Ni kuma in koma in kasa kunne. Ina dakan barkono ina sauraron Iya, ina wanke-wanke ina sauraronta, ina tsefe mata kai ina haddace abin da take faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga. Almi ruwa, ambakir gobe, kalas ya isa. Na zama ɓarauniya a gidanmu, ina kwasar maganar uwata ina kai wa mutanen da ba su san ko a wace kusurwa Chadi take ba. Cikin 'yan makonni babu labarin da za ka buɗe a zauren ba ka tarar da wani ƙazamin dodo yana tsotsar ƙashi yana magana da bakin Iya ba. Kalmar da take faɗa in ta dafa goshina ina zazzaɓi, "afe, afe", wato lafiya, wata matar aure ta sa ta a bakin dodon da ke lallaɓa yaro zuwa tukunya. Na karanta, na danna alamar yabo.

Zulai ce ta ƙarasa aikin, kuma ba zan ce na yafe mata ba don kawai a ce ina da kirki. Ta gaji da ganin sunana yana yawo, alhali ita da ta kawo ni, ita mai Hausar gaske, ba ta taɓa cin gasa ko sau ɗaya ba. Da aka sa gasar murya, kowa ta naɗo yadda take jin Mutanen Laka suna magana, sai ta laɓe a bayan randa wata safiya da akuyar maƙwabta ta shigo ta afka wa garin tuwo, ta naɗi Iya tana bin akuyar da muciya tana surfa mata faɗa cikin harsuna uku. Na dawo daga lekol, ko jaka ban ajiye ba, ta miƙo mini wayar tana murmushi. Muryar Iya ce, da hakinta, da ƙarar takalminta na roba, a ƙarƙashi kuma fuskokin dariya masu hawaye jere ba iyaka. Wata ta ce ko a mafarki ba ta son haɗuwa da mai wannan murya. Wata ta naɗo nata saƙon tana kwaikwayon Iya da hanci a toshe, yaranta na ƙyalƙyala dariya a bayanta.

A nan ne jinina ya motsa, a makare. Na shiga da sunana na rubuta cewa muryar uwata ce, matar mahauci ce a Chagoua, naman saniya take shanyawa, kuma harshen nan ba ni na ƙirƙira ba, haka muke magana a gidanmu. Na zauna ina jiran a ji kunya. Wadda ta fara amsawa cewa ta yi, "Ashe 'yar Laka ce da gaske," aka sake kwashewa da dariya. Sai Anti Magajiya ta zo da dogon jawabi mai sallama da salati, ta ce dokar zaure ita ce ƙirƙira, duk wadda ta kwafo abin da ta ji ta ce nata ne ta yi satar fasaha, don haka an soke nasarata kuma an cire ni. Harshen kuwa, in ji ta, ya riga ya zama na zaure, za a ci gaba da amfani da shi. Babu wadda ta ce a goge muryar, babu wadda ta ce a ba matar haƙuri.

Na ajiye wayar a kan turmi na shaƙo wuyan Zulai. Muka yi ta birgima a tsakar gida, muka ture kwandon wanki, na fizge mata kitso guda, ta cije ni a dantse. Iya da Umman Zulai suka raba mu da ƙyar. Iya ta riƙe ni da hannu ɗaya tana tambaya, "Da shunu? Me ya haɗa ku?" Na kau da kai. Zulai kuwa, tana kuka tana jan majina, ta ɗauki wayar ta kunna. Iya ta ji kanta tana bin akuya har ta fara murmushi, sai saƙon matar nan mai toshe hanci ya biyo baya da dariyar yaranta. Zulai ta ce, "Iya, Hawa ce ta fara, ita ta bari suka ce haka dodanni ke magana, wata biyu tana kai musu maganarki." Iya ba ta dubi Zulai ba. Ni ta duba, ta ce, "Sahi?" wato gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Na shirya wa duka har na runtse ido, amma sai ta sake ni, ta tsugunna ta tattara wankin da muka zubar, ta sake ɗauraye shi ɗaya bayan ɗaya.

Umman Zulai ta zane 'yarta, baban ya karɓe wayarsa, bayan wata uku suka tashi suka koma unguwar Ambassatna. Ni babu wanda ya taɓa ni, kuma da an zane ni da ya fi mini. Iya ta ci gaba da hirarta da faɗanta da Baba da maƙwabta da ƙannena yadda ta saba, amma in ta juyo kaina sai ta rage gudu. Ta fara tsince Larabcin daga maganarta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata rana za ta aike ni famfo, ta fara "almi", ta tsaya, ta ce "ruwa", sannan ta dube ni ta ce, "Haka ake faɗa, ko?" Ba gatse take yi ba, da gaske take tambaya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na yi kuka, na roƙe ta, na ce ta zage ni da duk yaren da ta ga dama. Ta ce ai komai ya wuce, ta kuma faɗa da Hausa tsantsa.

Zauren ya daɗe da mutuwa, a kan rigimar wa za ta zama shugaba. Ban san inda Anti Magajiya take ba, ba na kuma neman sani. Yanzu ina rubuta labarai na kaina, masu karatu daga Kano suna yaba mini tsabtar Hausa, wasu ma ba sa yarda a N'Djamena na tashi, ni kuwa in na ji wannan yabon sai bakina ya yi ɗaci. Iya ta koma unguwar Gassi, can gefen gari, wurin yayana. Ranar Juma'a nakan hau mota tun daga tsakiyar gari, in sauka in taka cikin yashi har ƙofar gidan, in na iso kuma ba na yin sallama nan da nan. Nakan tsaya a jikin katanga da ledar tsaraba a hannu, ina jin ta a ciki tana yi wa jikoki faɗa, Hausa da Larabci da Faransanci suna gudu tare yadda suke yi a da, tana dariya a tsakiyar zagi. Wani lokacin nakan daɗe a tsaye har masu wucewa su fara kallona. Da na ce salamu alaikum sai muryar ta gyara zama, ta ce, "Sannu da zuwa, Hawa, kin zo lafiya?" Shekara goma sha ɗaya ke nan, sai ta bayan katanga nake jin uwata.