Maganin da ke Kwana a Gidan Mutane

A layinmu ba mai kiran ta da sunanta. Mai Fulas ake ce mata, har yara, kuma ba ta jin haushi. Shagona na ɗinki yana bakin ƙofar gidan hayar da take zaune, don haka ni nake fara ganin ta da safe: gajeriyar mace mai saurin tafiya, rungume da wani tsohon fulas mai faɗin baki kamar ta ɗauko jariri. Baƙo zai zaci shayi ne a ciki. Ƙanƙara ce, da 'yar kwalba ɗaya da ba ta fi babban yatsana ba, a nannaɗe cikin tsumma.

Kwalbar ta mijinta ce. Direban babbar mota ne a da, har yau Direba muke ce masa, duk da rabonsa da sitiyari tun da ciwon suga ya taɓa masa idanu. Allura ake yi masa safe da yamma, maganin kuma ba ya shiri da zafi. A asibiti sai a ba su na watanni a lokaci guda a ce su sa a firij, sai ka ce da firij ake haihuwar kowa. Sun taɓa gwada binne kwalaben a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin tulun ruwa, abin ya yi musu da damina. Da zafi ya shigo, ɗakin nan mai rufin kwano ya dafa maganin ba wanda ya sani, Direba yana ta shan allurar banza, sai da aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Tun daga ranar ba ta sake yarda da tulu ba.

Wutar layinmu kuwa, in na fara zancenta raina ɓaci yake. Injin lantarkin keken ɗinkina yana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a kansa, da ƙafa nake ɗinki kamar kakana. Ana kawo wutar sa'ad da aka ga dama, in ta zo ma sau da yawa rabi ce: ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kana ganin fukafukanta ɗaya bayan ɗaya. Mita ɗaya ce ga gidan gaba ɗaya, har da shagona, kowa da kason da yake bayarwa a sayi kati. Shi ya sa kowa ya zama ɗan sanda a kan maƙwabcinsa. Ka jona dutsen guga, kafin ya yi zafi an ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Tsallaken babban titi duniya ce daban. Can masu hali suke, layinsu bai cika ɗaukewa ba, in ya ɗauke ga sola, in sola ta gaza janareta ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi. A can Mai Fulas take aiki, gidan wata Hajiya matar ɗan kwangila: girki, shara, wanki, duk ita. Ta taɓa gaya mini akwai falon da ba mai shiga sai an yi baƙi, amma na'urar sanyi ba ta hutawa a ciki don kada kujerun fata su tsattsage. Na ce ashe kujera ta fi mu gata. Ta yi dariya ta ce in rufa mata asiri, albarkacin wutar kujerun nan mijinta yake numfashi.

Gaskiya ta faɗa. Kwalaben Direba a ƙofar firij ɗin kicin na Hajiya suke kwana, a wani ɗan lungu gefen ƙwai. Da yamma ta cika fulas da sabuwar ƙanƙara, ta sa kwalbar da aka fara amfani da ita, ta kawo gida a yi ta yamma da ta safe, ta mayar. Ranar hutu ma sai ta je saboda ƙanƙara, in ta je kuma ba a rasa 'yan kwanukan da suka kwana. Hajiya ba muguwa ba ce, wannan dole in faɗa. Ba ta zagi, ba ta wulaƙanci, tana ba da kayan da 'ya'yanta suka daina sawa. Sai dai shekara da shekaru albashi yana nan inda yake, Mai Fulas kuma ba ta taɓa buɗe baki a kai ba. Ta ce mini ba a ja da wanda ran mijinka ke ajiye a firij ɗinsa.

Abin da ke cin ta shi ne wunin da Direba yake yi shi kaɗai, don 'ya'yansu duk sun yi nisa, kowa da nasa fama. Ta taɓa dawowa ta tarar da shi yashe a bakin banɗaki, ba wanda ya ji faɗuwarsa. Ga shi shugabar wata makarantar kuɗi da ke bayan layinmu ta daɗe tana neman ta ta riƙe musu kicin: albashi ya fi, a tashi da azahar, ta leƙo gida duk sa'ad da take so. Sau biyu tana ba matar haƙuri. Kicin ɗin makarantar ba firij, ɗan ƙaramin da ke ofis kuma janareta ne ke riƙe da shi, ana tashi a kashe.

Sai ga Hajiya ta sayi sabon firij, irin mai ba da ruwa ta ƙofa, ta ce Mai Fulas ta ɗauki tsohon kyauta. Tsoho a bakinsu ke nan. Dogo ne mai ƙofa biyu, fari fat, ya fi ni tsawo. Ranar da motar kaya ta sauke shi layinmu kaf aka fito kallo. Ƙofar ɗakin ta ƙi shi, sai da kafinta ya cire katakon ƙofar dungurungum, aka fitar da kujerar Direba don a samu wurin tsayar da shi. Ni ma na kama, har bayana ya amsa.

Ban san wane babban mutum ne ya yi baƙi a kusa da mu ba, amma a kwanakin nan wuta ta zauna, cikakkiya, ba ko ƙiftawa. Firij ya yi ƙanƙara. Matan gida suka yi ta kai gorunan ruwa, Direba yana zaune yana shafa ƙofar yana cewa bai taɓa tuƙa mota mai lafiyar wannan ba. Na sha ruwan sanyi har haƙorana suka yi tsami. Da ta tambaye ni shawara kan barin gidan Hajiya na ce, Yaya, me kike jira kuma? Duk layin haka aka ce mata. Ita kuwa shekarunta a kicin inda firij bai taɓa yin shiru ba, ta san yadda ake wanke shi da yadda ake jera shi, amma ba ta taɓa ganin sa da yunwa ba.

Ta je ta gaya wa Hajiya za ta bar aiki. Ta ce matar ta zuba mata kwalaben a leda da hannunta, ta ce, "Ashe ƙofar fita na ba ki, Inna. Allah ya ba da sa'a."

Katin mita ne ya fara tona asiri, ya ƙare tun wata bai raba ba. Aka yi taro a tsakar gida, waɗanda suka sha ruwan sanyi su suka fi ɗaga murya, aka ce firij ɗin nan shi kaɗai yana cin na ɗakuna duka. Aka ƙara mata kaso, ta yarda. Mai gidan haya ya zo ya ga abu fari ya cika ɗaki, ya ce ashe arziki ya samu, ya ƙara kuɗin haya. Wannan ma ta haɗiye, tunda ta fara aikin makaranta kuma da azahar tana gida tana yi wa mijinta fifita. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta lokacin ba.

Daga nan wuta ta koma halinta. In an kawo rabi, firij ya yi nishi, ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake nishi. Mai gyara ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, na gidan cikakkiyar wuta ne kawai, ba abin da za a haɗa masa ya samo wuta inda babu ita. In an wuni biyu ba a kawo ba, ka buɗe shi ɗumi ya buge ka. Ta shiga yawo da leda da fulas. Mai sayar da ƙanƙara layinmu ɗaya da shi, ranar da muka rasa wuta shi ma ya rasa. Mai kemis ya karɓa, sai ta gano yana kashe janareta in zai rufe shago. Direba ya fara yawan ƙishirwa da kasala, irin na wancan karon. Wata rana ta tsaya a ƙofar shagona ta ɗaga kwalba a hasken rana, ta ce, "Tela, kai mai ido, duba mini. Ya canza?" Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, na duba na kasa ganewa, na miƙa mata abarta. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar ruwan sanyin da na sha.

Da la'asar ɗin nan ta tsallaka titi. Ta ce ta shirya wa faɗa, ta shirya wa gori, ba ta samu ko ɗaya ba. Hajiya ta buɗe sabon firij, ta nuna mata lungun gefen ƙwai, wayam, ta ce, "Ga wurinsa nan, ban sa komai ba. Gobe ki zo da wuri, muna da baƙi." Ba a yi zancen albashi ba. Makaranta kuma ta ɗauki wata kafin mako ya zagayo.

Firij yana nan a ɗakin. Fitar da shi sai an sake kiran kafinta, a layinmu ba mai saye, a tsallaken titi ba a sayen tsoho. Zannuwanta ne a ciki yanzu da takardun asibiti, kuɗin haya kuwa bai sauko ba. Kujerar Direba ta rasa wuri, ta dawo bakin shagona, nan yake wuni ina ɗinki ina sa masa ido.

Kwanan baya da safe ta fito rungume da fulas, ta tsaya tana gyara masa hula. Ya kama bakin mayafinta ya ce a hankali, "Uwar yara, ranar da na tafi kin huta da gidan Hajiya."

Ta zare mayafin daga hannunsa, ta ce, "To Allah ya sa in tsufa a kicin ɗin nan, Malam."

Ta gyara riƙon fulas ta nufi titi da saurinta, don ƙanƙarar ta fara narkewa.